Cutar asma: yadda mai ita zai auna kansa a gida, daga hazon Kafanchan zuwa damina

Asma cuta ce ta hanyoyin da iska ke bi zuwa huhu. Bangon waɗannan hanyoyi yakan kumbura daga ciki, naman da ke kewaye da su ya ɗaure, majina ta taru, sai iska ta rasa wadatacciyar hanya. Daga nan ne tari ke tasowa, da ƙuncin ƙirji, da haki, da ƙarar numfashi mai kama da fito. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma har yanzu ba a sami maganin da ke kawar da ita ɗungurungum ba. Amma ana iya shawo kanta, har mai ita ya yi noma, ya yi wasan ƙwallo, ya kwana bai farka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, kuma ta yi ajalin mutum 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Najeriya, wani bincike da Obianuju Ozoh ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta masu cutar a kan kimanin miliyan 13. Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne giɓin da ke tsakanin alƙaluma biyu: kashi 6.4 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya suna da cutar, amma kashi 2.5 ne kawai likita ya taɓa tabbatar musu da ita.

Ko wanda likita ya tabbatar masa ma, sau nawa yake ganin likitan? Mutumin Godogodo ko Jagindi da ke zuwa Kafanchan don a duba shi, in ya yi ƙoƙari sau uku ko huɗu ne a shekara, kowane zama na 'yan mintoci. Sauran kwanakin duka shi ne da ƙirjinsa. Saboda haka ne masana suka tsara hanyoyin da mai asma zai riƙa auna kansa, ya san ko cutar tana kwance ko tana shirin tashi, tun kafin ta kai shi ɗakin gaggawa.

Matsalar "na saba"

Babban abin da ke yaudarar masu asma shi ne sabo. Mutumin da ya shekara goma yana farkawa da tari kafin asuba ya daina ganin hakan a matsayin ciwo. Matar da ta bar zuwa rafi ta koma aiken yara, ko ɗalibin da ya zaɓi tsaron gida a filin ƙwallo don kada ya yi gudu, kowannensu idan aka tambaye shi ya jiki zai ce da sauƙi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya rage rayuwarsa ne daidai da abin da ƙirjinsa zai ɗauka. Tambayar "ya jiki" gaisuwa ce, amsarta kuma sananniya ce, don haka ba ta auna komai. Ana buƙatar tambayoyin da amsarsu lissafi ce.

Ƙungiyar GINA, wadda aka kafa a 1993 don tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, kuma ita ce ke shirya Ranar Asma ta Duniya a Talatar farko ta watan Mayu, ta taƙaita awon a tambayoyi huɗu, duka a kan makonni huɗun da suka gabata. Ta farko: shin alamun cutar sun taso da rana fiye da sau biyu a mako? Ta biyu: shin asma ta tashe shi daga barci ko da sau ɗaya? Ta uku: shin ya nemi maganin shaƙa na gaggawa fiye da sau biyu a mako? Ta huɗu: shin cutar ta hana shi wani aiki ko motsi da ya saba yi?

Wanda ya amsa "a'a" ga dukkansu, cutarsa tana kwance. Wanda ya amsa "e" ga ɗaya ko biyu, an shawo kanta rabi da rabi. Uku ko huɗu na nufin ta fi ƙarfin maganin da yake sha, ko kuma ba ya shansa yadda ya kamata. Shaƙar da aka yi da gangan kafin motsa jiki ba ta shiga lissafin tambaya ta uku.

Akwai kuma wani gwaji mai tambayoyi biyar da ake kira ACT, wanda aka fitar a Amurka a 2004 don 'yan shekara 12 zuwa sama. Makinsa daga 5 ne zuwa 25; 20 zuwa sama alama ce mai kyau, 19 zuwa ƙasa na buƙatar ganin likita. Sai dai tambayoyi huɗun GINA sun fi sauƙin riƙewa a ka, ba sa buƙatar takarda ko waya, kuma uwa za ta iya amsa su a madadin ɗanta.

Gwangwanin shaƙa ma ma'auni ne

Magungunan shaƙa, waɗanda jama'a ke kira inhela, iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya jefa mutane da yawa cikin hatsari. Na farko shi ne na gaggawa, wato salbutamol, wanda aka fi sani da sunan Ventolin, yawanci cikin shuɗin mazubi. Yana sassauta naman da ya ɗaure cikin 'yan mintoci, ƙarfinsa ya ɗauki kamar awa huɗu, amma ba ya taɓa kumburin da ke ciki. Na biyu shi ne na rigakafi, irin su beclometasone da budesonide da fluticasone, wanda ke kwantar da kumburin sannu a hankali. Mai shaƙarsa ba ya jin wani canji nan take, shi ya sa da yawa suke watsar da shi su riƙe shuɗin.

Lissafin a nan mai sauƙi ne. Gwangwanin salbutamol na yau da kullum yana ɗauke da fesawa 200. Wanda cutarsa ke kwance, yana fesa biyu sau biyu a mako ko ƙasa da haka, gwangwani ɗaya zai kai shi kusan shekara. Wanda kuwa yake ƙarar da gwangwani a wata guda, yana fesa shida zuwa bakwai ke nan kowace rana. Bincike ya nuna cewa ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana tafiya da ƙarin hatsarin mummunan tashin cutar, sha biyu ko fiye kuma yana tafiya da ƙarin hatsarin mutuwa. Wani nazari da aka yi a Birtaniya a 2014 kan mutum 195 da asma ta kashe ya gano cewa kusan kashi 45 cikin ɗari sun rasu ba tare da sun nemi taimako ba, ko kuma kafin taimakon ya iso gare su, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne ke da rubutaccen tsarin abin da za su yi idan ciwon ya tashi. Wannan a ƙasar da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida ke nan.

Irin waɗannan hujjoji ne suka sa a 2019 GINA ta daina ba da shawarar a bar manya da matasa a kan salbutamol kaɗai, ko da ciwonsu mai sauƙi ne. Ta ce a haɗa musu da maganin kwantar da kumburi. Akwai ma inhela mai haɗa budesonide da formoterol wadda likita kan iya tsara a yi amfani da ita don rigakafi da gaggawa gaba ɗaya.

Abin da mai asma zai yi shi ne ya rubuta ranar da ya buɗe kowane gwangwani a jikin kwalinsa. Idan ya ƙare, ya ƙirga kwanakin. Wannan dabarar tana aiki ga na rigakafi ma, amma ta baya: gwangwani mai fesawa 200 da aka ce a fesa biyu safe biyu yamma ya kamata ya ƙare cikin kwana 50. Idan ya kai wata huɗu bai ƙare ba, an sha tsallake shi. Jefa gwangwani cikin ruwa don a ga ko zai nutse ba ya nuna gaskiyar abin da ya rage, kuma yana iya ɓata bakinsa. Girgiza shi ma haka, domin iskar da ke tura maganin kan saura bayan maganin ya ƙare.

Tsada ta ƙara dagula wannan lissafi. Tun bayan da kamfanin GSK, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, ga kuma faɗuwar darajar naira, farashin magungunan shaƙa ya yi tashin gwauron zabi. Mutane da dama sun koma ƙwayoyin salbutamol na haɗiya, ko prednisolone da dexamethasone da suke saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Ƙwayar salbutamol ta fi jinkirin aiki, ta fi kawo karkarwar hannu da bugun zuciya. Su kuwa prednisolone da dexamethasone, idan aka daɗe ana sha suna kawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi da kumburin fuska. Wanda ya ga ya koma gare su sau biyu ko fiye a shekara, wannan ma awo ne, kuma ya cancanci shiga littafinsa. Yana da kyau a tambayi likita ko mai harhaɗa magani game da salbutamol da beclometasone na wasu kamfanoni masu lambar rajistar NAFDAC, domin maganin ɗaya ne ko da sunan kwalin ya bambanta.

Ma'aunin ƙarfin hurawa

Akwai wata ƙaramar na'urar roba, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, wadda ke auna saurin iskar da mutum ya huro daga ƙirjinsa, a lissafin lita cikin minti guda. Wani likita ɗan Birtaniya, Martin Wright, shi ne ya ƙirƙiro samfurinta na farko a shekarun 1950. Ba ta amfani da batir ko lantarki. Mutum zai miƙe tsaye, ya mayar da allurar kan sifili, ya ja numfashi iya cikar ƙirjinsa, ya rufe bakin na'urar da leɓɓansa, ya hura da ƙarfi lokaci guda kamar mai kashe fitila daga nesa. Zai yi haka sau uku ya rubuta lamba mafi girma.

Lambar wani ba ta da amfani ga wani, domin tsawo da shekaru da jinsi duk suna canza ta. Abin nema shi ne lambar mutum ta ƙashin kansa. Ana samunta ta hanyar hurawa safe da yamma tsawon mako biyu zuwa uku a lokacin da jiki ke lafiya, a ɗauki mafi girma. Daga nan sai a raba ta gida uku kamar fitilar kan titi. Kashi 80 cikin ɗari zuwa sama kore ne. Tsakanin kashi 50 da 80 ruwan ɗorawa ne, alamar hanyoyin iska sun fara ƙuntata. Ƙasa da kashi 50 ja ne, sai asibiti. Wanda lambarsa mafi girma ta kasance 450, misali, korensa daga 360 ne zuwa sama, ruwan ɗorawarsa daga 225 zuwa 360, jansa ƙasa da 225.

Amfanin na'urar ya fi bayyana ga waɗanda ba sa jin ƙuncin ƙirji sai ya yi tsanani, da waɗanda aka taɓa kwantarwa a asibiti. Lambar kan fara sauka kwana ɗaya ko biyu kafin mutum ya ji wani abu, kuma idan ta safe ta riƙa faɗuwa nesa da ta yamma, cutar ba ta kwanta ba. Yaran da ba su kai shekara biyar ko shida ba ba sa iya hura ta daidai. Wanda bai same ta ba kada ya ɗauka an bar shi a baya, domin ga mafi yawan mutane tsarin da aka gina a kan lura da alamu yana aiki kamar wanda aka gina a kan na'urar.

Kalandar kudancin Kaduna

Littafin awo yana ƙara daraja idan aka riƙa rubuta abin da ya faru a ranar, domin abin da ke tayar da asma ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma a wannan yanki yana bin lokutan shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta lulluɓe duwatsun Kagoro har a daina hango su daga Kafanchan. Sanyin asuba da bushewar iska suna ƙuntata hanyoyin numfashi, ga mura da ke yawo a makarantu da kasuwanni. A daidai wannan lokaci ne ake ƙona daji, ake sussuka da shiƙar dawa da acca, ake kuma tsaga citta a shanya ta a zuba a buhuna a Kachia da Kwoi da ƙauyukan Jema'a. Mai asma da ke cikin waɗannan ayyuka ƙura uku ke haɗuwa a ƙirjinsa.

Damina a nan ta fi ta Kano ko Katsina tsawo, tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba. Ƙura takan kwanta, amma danshi yakan kawo funfuna a bango da ƙarƙashin katifa, kyankyasai su yawaita, a rufe tagogi a kunna maganin sauro na ƙonawa, a mayar da murhun itace cikin ɗaki saboda ruwa. Wasu masu asma hunturu ne abokin gabarsu, wasu kuwa Agusta. Hayaƙin janareta da turaren wuta da taba ba su da lokaci, haka ƙurar hanya ga 'yan acaɓa.

Ba wanda zai iya gane nasa sai ya rubuta. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa: kwanan wata, ko an farka da dare, fesawa nawa aka yi, lambar hurawa in akwai, sai kalma ɗaya ko biyu kamar "hazo", "sussuka", "mura", "shara". Bayan wata biyu ko uku hoton zai fito. Idan ƙirji yana sakewa a ranakun da ba a je wurin aiki ba, ya sake ɗaurewa da an koma, a gaya wa likita da wuri, saboda asmar da aiki ke haddasawa tana ƙara kafuwa muddin aka ci gaba da shaƙar abin. Wanda littafinsa ya nuna hunturu ne lokacinsa, ya dace ya ga likita tun Oktoba, ya tanadi magani, ya nemi takunkumin fuska. A rubuta magungunan wasu cututtuka ma: aspirin da ibuprofen da diclofenac suna tayar da asma ga wasu mutane, haka magungunan hawan jini irin su propranolol da atenolol.

Idan awo ya nuna matsala

Kafin a ce magani ya gaza, akwai abin da ake fara dubawa, wato yadda ake shaƙarsa. Kaso mai yawa na masu amfani da inhela suna fesa ta a kan harshe da maƙogwaro, kaɗan ne ke isa huhu. Ana girgiza gwangwanin, a fitar da numfashi, a fara ja a hankali sannan a danna, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Bututun da ake sawa tsakanin inhela da baki yana sauƙaƙa wannan ƙwarai, musamman ga yara da tsofaffi. Binciken da Heather Zar ta jagoranta a Cape Town ta Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhelar aka toshe gefen, tana aiki kamar bututun kanti. Bayan shaƙar maganin rigakafi a kurkure baki a zubar. A kowace ziyara mai asma ya tafi da inhelarsa ya shaƙa a gaban ma'aikacin lafiya don a gyara masa.

Abu na gaba shi ne rubutaccen tsari daga likita, shafi ɗaya da ke faɗin maganin kullum, abin da za a ƙara idan an shiga ruwan ɗorawa, da lokacin da za a kama hanyar asibiti. A rubuta shi da harshen da mutanen gida ke karantawa, a ba malamin makaranta kwafi idan yaro ne. Ga mazauna yankin, babban asibitin Kafanchan mai ɗauke da sunan Sir Patrick Ibrahim Yakowa, wanda Gwamnatin Tarayya ta amince a 2025 a mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya, shi ne babbar madogara, sai asibitocin Kachia da Kwoi da Zonkwa. Nisan gida daga waɗannan wurare ya kamata ya shiga cikin tsarin. Wanda ke bayan rafin da ke cika da damina, ko a hanyar da ba a bi da dare, bai kamata ya jira abin da mazaunin cikin gari zai jira ba. Tun yana ruwan ɗorawa, in maganin bai dawo da shi kore ba, ya tashi da rana tsaka.

Alamun da ba a jira da su sanannu ne. Mutum ya kasa ƙarasa jimla ba tare da ya tsaya jan numfashi ba. Maganin gaggawa ya ƙi aiki, ko ƙarfinsa ya gushe kafin awa huɗu. Fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya su riƙa lotsawa, abin da aka fi gani ga yara. Cikin leɓɓa da harshe da ƙasan farce su yi toka-toka ko shuɗi. Ga mai duhun fata nan ne ake dubawa. Gyangyaɗi ko ruɗewa. Mafi hatsari kuwa shi ne ƙarar fiton ta ɗauke alhali mutum yana ta fama, domin hakan na nufin iskar da ke wucewa ta yi ƙarancin da ba ta iya yin ƙara. A irin wannan hali a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, a ba shi fesawa huɗu zuwa goma na salbutamol ta bututu, ɗaya bayan ɗaya, a maimaita kowane minti 20 ana kan hanyar asibiti. Bayan an sallame shi ya koma ganin likita cikin mako guda, ko da ya ji garau.

Mace mai juna biyu ba ta dakatar da maganin shaƙa, domin ƙarancin iska ya fi cutar da abin da ke cikinta, kuma ana so a riƙa duba ta kowane mako huɗu zuwa shida. Sauran masu asma, idan komai na tafiya daidai, ziyara kowane wata uku zuwa shekara ta wadatar, tare da littafin da gwangwanayen da suka ƙare.

Akwai kuma ciwon da ke kama da asma alhali ba ita ba ce. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman tare da rama ko zufar dare ko jini a kaki, yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta a cibiyoyin gwamnati. Dattijon da haki ya fara masa da girma, ƙafafunsa na kumbura, yana kasa kwanciya sai ya jingina, a duba zuciyarsa. Matar da ta shekara talatin a gaban murhun itace tana iya samun toshewar huhu ta dindindin, wadda maganinta da awonta suka bambanta da na asma.